Falankin da ya ƙi kwanciya a goshin jirgi: yaya kuka yi da naku?

Mai buɗe zance, daga Kaduna:
Assalamu alaikum. Ina haɗa ƙaramin samfurin jirgin yaƙin Ingila HMS Victory, wanda aka sa a ruwa a Chatham a 1765, a ma'aunin 1:72, wato tsawon samfurin kashi ɗaya ne cikin 72 na jirgin gaskiya. A tsakiyar jirgin falankai suna kwanciya lafiya lau a kan haƙarƙari (katakon da ke ba jikin jirgin siffarsa), amma da zarar na kusanci goshi sai su fara hawa juna, gefen ƙasa ya ɗaga, wani ma ya tsage. Ina roƙon waɗanda suka riga ni wuce wannan mataki su faɗa mana abin da hannunsu ya gani.

Dattijo, tsohon kafinta, daga Zariya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Matsalar lissafi ce kafin ta zama ta hannu. Haƙarƙarin tsakiya ya fi na goshi tsawo, don haka idan falanki ashirin ne za su rufe tsakiya, su ashirin ɗin ne za su matsu a wurin da ya fi ƙunci, kuma ba za su shiga ba sai an fiƙe kowanne. Ni nakan ɗora siririyar takarda a kan kowane haƙarƙari in auna shi, in raba tsawon da yawan falankai, in sa alama da fensir, sannan in rage faɗin falankin ta gefen sama kaɗai. Ba na barin ya gaza rabin faɗinsa na asali. Idan wuri ya ƙure, gara a tsayar da falanki ɗaya kafin ya kai goshi, yadda maƙeran manyan jiragen suke yi. Ka kuma sani cewa ka zaɓi mai wuya, domin goshin Victory dunƙulalle ne kamar ƙwarya, ba irin na Cutty Sark ta 1869 ba, wadda aka yi mata goshi mai tsini saboda tseren ɗauko ganyen shayi daga Sin.

Malama, daga Yamai:
Baba ya yi gaskiya, sai dai ni abin da ya fi ba ni wahala danshi ne. Nakan jiƙa falanki a ruwan zafi, in lanƙwasa shi a gefen tukunya da dutsen guga, in kafe shi da fil a mazauninsa ya kwana, kuma ba na sa gam sai ya bushe sarai. Katakon da aka manna yana jiƙe zai tsuke daga baya. Na ga haka a jirgin wani maƙwabcina da aka yi wa falanki da damina: hunturu na shigowa, tsagogi suka buɗe har ana hango haske ta ciki.

Wani ɗan'uwa, daga Kumasi:
Malam, ni ban ga dalilin tayar da hankali ba. An lulluɓe ƙasan Victory da jan ƙarfe a 1780, saboda haka duk abin da ke ƙasa da layin ruwa zai ɓuya. Ka cike ramuka, ka goge da samfefa, ka wuce.

Dattijo, daga Zariya:
A nan kam ban bi ka ba, ɗan'uwa. Jan ƙarfen samfuri siriri ne ƙwarai, kuma yana ƙyalli, don haka duk tudun da ke ƙarƙashinsa sai ya fito fili fiye da da.

Malami, daga Kano:
Ni Vasa na haɗa, jirgin Sweden da ya nutse a tashar Stockholm ranar 10 ga Agusta 1628 bayan tafiyar kimanin mita 1,300, aka ciro shi a 1961. Abin da ya sanyaya mini rai lokacin da na ga gefen hagu na samfurina ya ɗan saɓa da na dama shi ne, jirgin na gaskiya ma ba daidai yake ba. Masu bincike sun sami sandunan awo iri biyu a cikinsa, na Sweden mai inci 12 da na Amsterdam mai inci 11, abin da ke nuna ma'aikatan ba da ma'auni ɗaya suka yi aiki ba. Wannan ba hujjar sakaci ba ce, domin karkatar da idon mutum bai gani a jirgi mai tsawon mita 69 takan fito ɓaro-ɓaro a wanda bai kai mita ɗaya ba. Tun daga nan nake sa falanki ɗaya a dama, ɗaya a hagu, bi da bi, don kada jan gefe guda ya murɗe ƙashin bayan jirgin. Kafin komai kuma, Malam, ka duba ko ka goge bakin haƙarƙarin goshi ya bi kwanar jirgin. Idan a tsaye yake, falanki kan tsini kawai zai hau.

Mai buɗe zance, daga Kaduna:
Allah ya saka da alheri. Na ɗora falanki a bushe na leƙa ta ƙasa, kuma lallai haƙarƙari uku na gaba bakinsu a tsaye yake. Zan fara da su, sannan in yi awon takarda irin na Baba.