Gwajin maganin ciwon hanta a jikin dabba: me yake tabbatarwa?

Hauwa:
Assalamu alaikum. Ina karanta wani rahoto a kan maganin ciwon hanta nau'in B mai daɗewa, sai na ga an gwada shi a jikin wudcak, wata dabba mai kama da kurege da ake samu a Arewacin Amurka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, bairus ɗin da ke jikinta ba irin na mutum ba ne. Idan magani ya rage ƙwayar cutar a jininta, me hakan ya tabbatar game da majinyaci?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, Malama Hauwa. Rashin uwa ne ya sa ake uwar ɗaki. Bairus na B yana kama mutum da birin cimpanzi, kuma tun 2015 Hukumar Binciken Lafiya ta Amurka ta daina tallafa wa gwaji a kan cimpanzi. Ɓera kuwa ba ya kamuwa da shi, ko da an sa masa furotin ɗin da bairus ke bi ya shiga hantar mutum, wanda masu bincike a Beijin suka gano a 2012.

Bairus na wudcak, wanda aka gano a 1978 a gidan namun dajin Filadelfiya, ɗan gida ɗaya ne da namu, kuma hanyar hayayyafarsu ɗaya ce, don haka maganin da ya toshe ta a wannan yakan toshe ta a wancan. Idan aka sa wa dabbar cutar tana jaririya, yawanci takan zauna mata, kuma cikin 'yan shekaru kusan dukkan masu ɗauke da ita kan kamu da kansar hanta. Abin da kan ɗauki mutum shekaru talatin, sai a gan shi cikin shekara uku ko huɗu. A kan wannan dabba aka gwada entekabir, wani maganin ciwon hanta nau'in B, kafin a amince da shi a 2005, kuma an ga ya jinkirta kansar.

Dakta Binta:
Bayanin Malam Sani daidai ne, sai dai ina so ki raba tambayar gida biyu: ko magani yana danne bairus, da kuma ko yana cutar da mai shan sa. A 1993 an gwada wani magani mai suna fiyaluridin a kan majinyata 15 a Amurka, bayan gwaji a kan ɓeraye da karnuka da birai bai nuna haɗarin da ke tafe ba. Bairus ya ragu a jininsu ƙwarai, amma bayan makonni hantar wasu ta gaza, biyar suka rasu, biyu kuma sai da aka yi musu dashen hanta. Maganin ya lalata sassan da ke samar wa ƙwayoyin jiki kuzari. Daga baya ne aka ga irin wannan illa a jikin wudcak da aka daɗe ana ba shi maganin, da kuma ɓerayen da aka dasa wa ƙwayoyin hantar mutum.

Hauwa:
Na gode, Dakta. Ke nan tsawon lokacin gwajin zan fara dubawa a rahoton?

Dakta Binta:
Ki duba shi, sannan ki duba abin da ya faru bayan an dakatar da magani. Bairus na B yana ɓoye kwafinsa a cikin cibiyar ƙwayar hanta, inda magungunan da ake sha yanzu ba sa kawar da shi, shi ya sa adadinsa kan sake hawa da zarar an daina sha. Ki kuma duba ko an yanki hantar an auna wannan kwafi, ko kuwa jini kawai aka ɗiba.