Kwas ɗin intanet ya isa a ba mutum lasisin ɗaukar bindiga a ɓoye?

Direban tasi, Richmond:
Assalamu alaikum. Maganar da muka faro wajen suna ce nake so mu ƙarasa. Ni dai ina kan bakana, jiharmu ta Birjiniya a nan Amurka ta yi kuskure da ta daina karɓar kwas ɗin intanet. A 2019 na yi nawa a waya bayan sallar asuba: na kalli bidiyo, na amsa tambayoyi, na buga takardar shaida na kai kotun yankinmu, lasisin shekara 5 ya fito. Tun 1 ga Janairun 2021 kuwa sai mutum ya je aji da ƙafarsa. Talaka mai aikin dare shi ake tarewa a hanya, shi ne kuma ba shi da ranar da zai ba aji.

Hajiya mai aikin jinya, Baltimore:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, tambaya ɗaya zan yi maka, ka amsa tsakaninka da Allah. Ranar da aka miƙa maka lasisin, ka taɓa harba bindiga ko sau ɗaya?

Direban tasi, Richmond:
Ban taɓa ba, Yaya. Sai bayan wata biyu na je filin koyon harbi.

Hajiya mai aikin jinya, Baltimore:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Wata biyu doka ta yarda ka shiga kasuwa da bindiga a ƙugu alhali hannunka bai san nauyinta ba. A asibiti na ga masu raunin harsashi waɗanda babu ɗan fashin da ya taɓa su. Mutum ya cire gidan harsasai, ya ɗauka bindigar ta zama fanko, ya manta akwai guda ɗaya da ya riga ya hau. Ya ja kunama zai kwance ta ya goge, sai cinyarsa. Bidiyo zai faɗa maka wannan, na yarda. Amma bidiyo ba ya ganin yatsanka lokacin da ya zame kan kunama, ba ya riƙe maka hannu idan ka juyo da bakin bindiga wajen na kusa da kai. A Maryland sa'a 16 ake yi kafin lasisin farko, har da gwajin harbi, ni kuma ban ga yawansu ba.

Kawu, Houston:
Ku duka biyun kun haɗa abu biyu a buhu guda. Akwai karatu, akwai aikin hannu. Mu a Teksas an raba su. Karatun sa'a 4 zuwa 6 ne, ana iya yinsa ta intanet: inda aka hana shiga da makami, lokacin da doka ta yarda mutum ya kare kansa, yadda ake kashe rigima da baki tun ba ta kai ga makami ba, yadda ake kulle bindiga daga yara. Daga nan dole ka je gaban malami a filin harbi. Harsashi 50 ake harbawa, daga yadi 3, yadi 7 da yadi 15, sai ka samu maki 175 cikin 250. Karatun doka a waya ya fi mini shiga kai, don ina tsayar da bidiyon in maimaita, Turancin lauyoyi ba wasa ba ne. Harbin kuwa, wallahi harsashin farko sai da hannuna ya yi rawa, ni da na yi farauta a ƙuruciya.

Direban tasi, Richmond:
Kawu, ai kai ma ka goya mini baya ke nan. Kuma jiharku tun 1 ga Satumban 2021 ta ce mutum na iya ɗauka ba lasisi ma. Jihohi sama da 25 haka suke yanzu. Wanda ya zauna ya kalli bidiyon sa'a guda bai fi wanda bai kalli komai ba?

Kawu, Houston:
Ya fi, ɗana. Amma rabin baya kawai na goya maka. Sai dai takardar da ke hannunsa za ta sa ya ji ya iya, wannan jin ne nake tsoro.

Malam, Bronx:
Ni abin da ban so a wuce shi ne kuɗi da lokaci, don direba ya faɗi gaskiya a nan. A Yunin 2022 Kotun Ƙoli, a shari'ar Bruen, ta soke sharaɗin New York na sai mutum ya kawo dalili na musamman. Jihar ta mayar da martani da sabuwar doka: sa'a 16 a aji, sa'a 2 a filin harbi. Mai tsaron shago da ke aiki kwana shida a mako zai rasa ladan kwana biyu, ga kuɗin malami. Mai hali ba zai ji ba. Tsarin da Kawu ya kwatanta ya fi kusa da adalci.

Ɗalibi, Ohio:
Gafarta Malam, ni da nake da bizar karatu, in na yi kwas ɗin intanet zan iya nema?

Malam, Bronx:
Kada ka soma, ɗana. Dokar tarayya ta hana mai biza irin taka mallakar bindiga ko harsashi, sai a 'yan wasu halaye ƙalilan. Masu sayar da kwas za su karɓi kuɗinka su turo takarda, takardar kuma ba lasisi ba ce. Ka ga lauya kafin ka taɓa komai.

Hajiya mai aikin jinya, Baltimore:
Ƙanena, ba ka gaya mana ba. Da ka je filin, me malamin ya fara gyara maka?

Direban tasi, Richmond:
Yatsana, Yaya. Tun kafin in ɗaga bindigar yana kan kunama. Sau uku ya cire mini shi. Amma har yanzu ina cewa a bar karatun dokar a waya.