Wace ce daidai a rufe jawabi: at last, lastly ko finally?

Mai Neman Sani: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya aka ba ni minti 5 in yi jawabin godiya da Turanci a taron wurin aikinmu. Na gode wa baƙi da abokan aiki, da na zo kan shugabanmu sai na ce "At last, I thank our chairman." Na ga ya ɗago kai daga takardar gabansa ya dube ni. Da aka tashi, wata abokiyar aiki ta ja ni gefe ta ce ba haka ake faɗa ba, amma tana sauri, ba ta yi mini bayani ba. Abin ya tsaya mini a rai, don mutumin nan ina ganin girmansa. Ni duk "a ƙarshe" na ɗauke su. Ina bambancin yake?

Malamin Aji: Wa alaikumus salam. Da gaskiyarta. "At last" ajiyar zuciya ce bayan dogon jira. Ka yi awa 3 kana jiran mota, tana isowa ka ce "At last!", kamar mu ce "kai, sai yanzu!" To a kunnensa, tamkar ka ƙosa ne ka kai kansa ka huta. Wadda kake nema ita ce "lastly". Aikinta ɗaya, abu na ƙarshe a jeri, bayan "firstly" da "secondly". "Finally" kuwa tana cin tudu biyu, ta shiga jeri, ta shiga jira, shi ya sa nake ce wa ɗalibaina in sun rikice su kama ta. Da ni ne ma "last but not least" zan ce masa, wato zuwansa ƙarshe bai rage masa daraja ba.

Mai Fassara: Malam, a ƙara da "in conclusion" da "to sum up". In ka ce ta biyun, ka yi alkawarin maimaita abin da ka faɗa a taƙaice, kada a ji sabuwar magana. Ta farkon kuma mutane na jin ta za su fara tattara jakunkuna, don haka kada ka wuce jimla biyu ko uku. Masu Faransanci kuma a kula: "eventually" na nufin daga bisani, amma "éventuellement" ta Faransanci ma'anarta "wataƙila".

Mai Neman Sani: Allah ya ƙara basira. To Malam, in je in ba shi haƙuri?

Malamin Aji: Ba sai ka je ba, ya san abin da kake nufi. Ran da aka sake ba ka makirufo, ka ambace shi da "last but not least", zai ji gyaran da kunnensa.