Sambatu iri-iri ne: abin da muke ji a bakin masu sikizofireniya

Ma'aikaciyar jinya, Garwa:
Assalamu alaikum. Dangi kan kawo mai sikizofireniya, wato wani nau'in ciwon taɓin hankali, su ce "sambatu yake yi", shi ke nan. Alhali sambatun iri-iri ne, kuma likita yana son sanin wanne. Kowa ya kawo abin da kunnensa ke ji a bakin aiki. Wanda ya fi yawa a wurinmu sakin layi ne. Ka ce, "Ka ci abinci?" Ya ce, "Tuwon dawa ne, dawa ta yi tsada a kasuwa, kasuwar Juma'a liman ya yi huɗuba, rawaninsa fari fat." Kowace gaɓa tana maƙale da ta bayanta da siririn zare, amma tambayar ta ɓace a hanya. Wannan kwancewar ɗaurin tunani ce Eugen Bleuler, likitan Suwizalan da ya raɗa wa ciwon suna a 1908, ya ɗauka a matsayin tushensa.

Malamin asibiti, Marwa:
Wa alaikumus salam Hajiya. A raba shi da kewaye-kewaye. Mai kewaye zai zaga da kai gona da rafi, amma a ƙarshe ya ce "e, na ci". Tsofaffinmu masu lafiya ma suna yin haka. Mai sakin layi ba ya dawowa. Akwai kuma wanda maganarsa ke yankewa tsakiyar jimla, ya yi tsit, ka ce "ina jinka", ya ce ya manta, ko ya ce an zare masa tunanin daga ka. Wani amon kalma yake bi ya bar ma'ana: gari, tari, bari, fari. Wani ya ƙagi kalmar da babu ita a kowane harshe. Wanda dangi ba sa kawowa da wuri shi ne mai ƙarancin magana, daga "e" sai "a'a", don gani ake yi ya zama salihi. Nancy Andreasen, likitar ƙwaƙwalwa ta Amurka, ta rarraba irin waɗannan har 18 a 1979.

Tafinta, Kusiri:
Malam, ku bar ni in tona asirin sana'armu. A nan mutum ɗaya yana haɗa Hausa, Fulatanci, Larabcin Shuwa da Faransanci a zance guda, kuma lafiyarsa ƙalau. Gauraya harsuna ba alamar ciwo ba ce. Inda ake ɓata aiki shi ne tafinta ya ji shirme, ya ji kunya, sai ya gyara shi kafin ya miƙa wa likita. Ɗan'uwa ya fi kowa yin haka, don rufin asiri. Likita sai ya ji jimla tsaf, alamar da yake nema an share ta. A juya maganar yadda ta fito, ba kai ba gindi, inda kalma ba ta da ma'ana a ce ba ta da ita. In za a gwada shi da karin magana, a ɗauko na harshen da ya tashi da shi. Ka ce, "A bar kaza cikin gashinta, me ake nufi?" Ya ce, "Don kada ta ji sanyi." Ya ɗauki karin maganar a zahirinta ke nan. Amma wannan kaɗai ba ya yanke hukunci.

Ma'aikacin lafiya, Ngaundere:
Yaya tafinta ya faɗi gaskiya. Ni ɓangaren da ba a jin sa da kunne zan taɓa: riƙe abu a ka, tattara hankali, saurin fahimta, tsara aiki. Ka aike shi sabulu, gishiri da ashana, ya dawo da sabulu kawai, a ce raini ne. Ba raini ba ne, ƙwaƙwalwar ce ba ta riƙe uku lokaci guda. Wannan rauni sau da yawa yana riga jin muryoyin da babu su da yawan zargin mutane bayyana, kuma magungunan ciwon irin su Haldol ko Largactil ba su cika taɓa shi ba, ko da sambatun ya lafa bayan 'yan makonni. Maganin Artane da ake bayarwa don sandarewar jikin da waɗannan magunguna kan jawo yana iya ƙara mantuwa, a gaya wa likita, kada a rage da ka. A gida: aike ɗaya, gajeriyar jimla, a kashe rediyo, mutum ɗaya ya yi magana. Ka ƙirga goma a zuci kafin ka maimaita. In ya saki layi ka ce, "Kawu, zancen tuwo muke yi." Ban da dariya, ban da gardama.

Ma'aikaciyar jinya, Garwa:
Madalla. Sai hattara guda. Rikicewar da ta faɗo cikin awoyi ko kwana biyu, da zazzaɓi, mutum bai san inda yake ba, yana farfaɗowa yana komawa, a fara zargin zazzaɓin cizon sauro da ya hau ka ko sanƙarau, a garzaya asibiti a ranar. Dattijon da kalmomi suka ƙwace masa farat ɗaya, baki ya karkace, shanyewar ɓarin jiki ce ake tsoro. A kuma tambayi tiramol da wiwi ba tare da kunya ba. Sikizofireniya a hankali take shigowa, galibi daga ƙarshen samartaka zuwa shekaru ashirin da wani abu, kuma ana son alamun su kai wata guda kafin a kira sunanta. In ya yarda, a ɗauki muryarsa a waya na minti biyu a kai wa likita.