Neman shawara: An ce bashin 'yan kasuwa ya ƙaru, in je in ci nawa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan wurin niƙa da haɗa abincin kaji a Kakuri, Kaduna. Masu saye suna ƙaruwa, amma injina ya tsufa. Na ji ana faɗa a rediyo cewa bashin da bankuna ke ba kamfanoni da 'yan kasuwa ya ƙaru, wai alama ce tattalin arziki na farfaɗowa. Ƙanena ya matsa mini in karɓi bashi in sayi sabon inji. Don Allah masu ilimin abin, yawan bashi a ƙasa lafiya ce ko ciwo? Akwai iyalina da yaran da ke cin abinci a ƙarƙashina, ba na so in jefa su cikin wahala.

Tsohon ma'aikacin banki, Barnawa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Masana suna duba wannan adadi, kuma suna da hujja. Banki ba ya sakin kuɗi sai yana sa ran za a biya, ɗan kasuwa ma ba ya karɓa sai ya hango ciniki. Amma ka lura da wani abu. Kafin a saki naira kasuwa ta yanke mata farashi a watan Yuni 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Kamfanin da ake bi dala miliyan ɗaya, bashinsa a lissafin naira ya tashi daga miliyan 460 zuwa biliyan ɗaya da rabi, alhali ko kwabo ba a ƙara masa ba. Kaso mai yawa na ƙaruwar da aka yi ta yayatawa a lokacin daga nan ya fito. Ga kuma hauhawar farashi, wadda ke kumbura kowane adadi.

Sannan su wa ke karɓa? Kamfanonin mai da gas ne kan gaba wajen cin bashin bankunanmu, noma kuwa ɗan abin da yake samu bai taka kara ya karya ba. Abin da ya shafe ka kai tsaye shi ne kuɗin ruwa. Babban Bankin Najeriya ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa daga kashi 18.75 a Yuli 2023 zuwa 27.5 a Nuwamba 2024, bankunan kasuwanci kuma suka ɗora nasu a kai. Ka zauna ka lissafa: ribar da injin zai kawo a wata za ta biya kason banki har ta bar maka na masara da waken soya?

Wani malamin makaranta, Kawo:
Ƙari a kan bayanin Yallaɓai, yawan bashin ma yakan zama annoba. A Amurka bashin gidaje ne ya yi ta hauhawa har ya durƙusar da bankuna a 2008. Mu kuwa bashin da bankunanmu ke bayarwa kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da girman arzikin ƙasa, Afirka ta Kudu ta yi mana nisa.

Dattijo daga Makera:
Ɗana, ni na ga lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana, idan an tashi aiki kekuna su cika titi. A wurina ƙasa tana lafiya ne idan bashi ya koma inji da albashin ma'aikata. Naka irin wannan ne, shi ya sa ban hana ka ba. A dai bi a hankali.

Hajiya mai kiwon kaji, Unguwar Rimi:
Alhaji, ba wanda ya taɓo maganar kuɗin ruwa ta fuskar addini. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, kamar Jaiz da TAJ. Su za su sayi injin su sayar maka da ribar da kuka daidaita tun farko, wato murabaha. Ka leƙa Bankin Masana'antu ma, nasu yakan fi sauƙi, sai dai suna son rajista da littafin ciniki.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ina da ita, littafin ne ba na rubutawa kullum.

Hajiya:
To fara daga gobe, na shiga da na fita duka. Ka kuma tambayi maƙeran kasuwar Panteka farashin inji ƙirar gida kafin ka nufi kowane banki.