Kankaren layi: wane haɗi ne ya riƙe muku?

Abban Walida: Salamu alaikum. Mun yi karo-karo a layinmu a Kurna za mu zuba kankare kafin damina, kuɗin kuma ba yawa. Waɗanda suka taɓa yi, a ba mu haske.

Baba Birkila: Wa'alaikumus salam, ɗana. In iyakacinta Adaidaita Sahu da ƙananan motoci, 1:2:4 nake yi: kwanon siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Inda tifa ke bi kuwa sai 1:1½:3. Amma ni ruwa nake tsoro. Leburori sun fi son kwaɓi kamar kunu don ya yi daɗin shimfiɗawa, kana juya baya an ƙara bokiti.

Injiniya Sharaɗa: Baba ya faɗi gaskiya. Buhun siminti kilo 50 ne, ruwansa lita 22 zuwa 25, wato bai wuce jarka ɗaya mai lita 25 ba, in yashin jiƙaƙƙe ne ma a rage. Ni inda nake samun sauƙi shi ne gauraya manyan tsakuwa da ƙanana, su toshe gurbin juna, sai simintin ya isa ba tare da an ƙara buhu ba. A yanka tsaga duk bayan mita 4, kankare ya fashe a inda kuka zaɓar masa.

Maman Ihsan: Mu a Ɗorayi mun ɗanɗana. A watan Afrilu aka zuba mana, da tsakar rana, mai aikin ya karɓi cikon kuɗinsa ya yi gaba. Ba wanda ya ce mana ana ban ruwa! Kafin sati ya zagayo duk ya tsattsage kamar faso.

Baba Birkila: Allah Ya mayar da alheri, Hajiya. Da asuba ko da yamma ake zubawa, a rufa buhunan algarara, a riƙa jiƙawa kwana 7 aƙalla. Iskar hunturu ma haka take busar da shi. Sai ya kwana 28 yake cika ƙarfi, don haka ku gindaya duwatsu a bakin layi kada motoci su hau, ko da maƙwabta za su yi guna-guni.

Direban Tifa: Ku gwada yashin ma, ko an ce na Challawa ne. Zuba a kwalba da ruwa, girgiza, bar shi ya kwana. In laka ta kwanta da kauri a sama, a mayar wa mai shi.

Abban Walida: Allah Ya saka da alheri. Injiniya, magudanar ruwa fa, ita za mu fara ko daga baya?

Injiniya Sharaɗa: Ita za ku fara, Malam. Ku daddaɓe ƙasar sosai, sannan a kira mai kwaɓi.