Koyar da aikin jarida ta hanyar dokumentari a SHS (babbar makarantar sakandare): daga ina za a fara?

Malama_Aboabo: Assalamu alaikum. Akwai kulob ɗin 'yan jarida a wata SHS a nan Kumasi, ɗalibai 20, zango ɗaya ne a hannu. Ana son su haɗa gajeren dokumentari a kan zongo. Kayan aiki: wayoyin malamai biyu da laftof ɗaya. Da me ya kamata a fara?

Mai_Tace_Hoto: Wa alaikumus salam, Malama. Kar a ba su waya a makonni uku na farko. A raba su gida huɗu, kowane gida ya kawo tambaya ɗaya wadda za a iya amsa ta cikin minti biyar. "Matsalar shara" ba tambaya ba ce. "Wa ke kwashe sharar layinmu a Asawase, kuma nawa ake biyansa?" ita ce tambaya. Su rubuta mutum uku da za su nema: wanda abin ya shafa, wanda ke da alhaki, da wanda ya san tarihin abin. Duk adadin da wani ya faɗa, sai an ji shi daga baki na biyu kafin ya shiga fim.

Bayan hira su rubuta duk abin da aka faɗa a takarda, da mintin da aka faɗe shi. A kan takardar ake yanke abin da zai shiga, kafin a buɗe laftof. Yaran da suka tsallake wannan mataki su ne ke yanke rabin jimlar mutum su juya masa magana ba da niyya ba.

Dan_Alabar: Ni dai abin da zan ƙara shi ne sauti. Mai kallo zai yi haƙuri da hoto mai duhu, amma da zarar bai ji magana ba ya tashi. A sayi ƙaramin makirufo mai waya da ake maƙalawa a wuyan riga, tazarar santimita 15 zuwa 20 daga baki, a sa abin kunne ana saurare yayin ɗauka. A kashe fanka. A duba lokacin kiran salla, kuma kar a yi hira a bakin titi inda pragya (keke mai ƙafa uku) ke wucewa. A kasuwar Kejetia hoto kawai za a ɗauka, hirar a koma cikin shago.

A saita wayar a firam 25 (wato hotuna 25) a daƙiƙa idan tana da shi. Wutar Ghana 50Hz ce (zagaye 50 a daƙiƙa), shi ya sa hoton da aka ɗauka a firam 30 ƙarƙashin wasu fitilu yake ƙyaftawa. Wayar a kwance, kowane hoto a riƙe shi daƙiƙa goma. Wajen ingancin hoto 1080p ya isa, 4K cika waya kawai zai yi. Cikin manhajojin tace bidiyo, DaVinci Resolve kyauta ne amma yana son kwamfuta mai ƙarfi. Tsohon laftof ya fi jure Shotcut.

Hajiya_Edita: Malama, ki sa ido a kan abu ɗaya: yaranmu duk sun san Anas Aremeyaw Anas, ɗan jaridar da ke bincike da ɓoyayyiyar kyamara, za su ce su ma a bar su su ɓoye kyamara. A'a. Wannan aiki ne na ƙwararru masu lauyoyi a bayansu. A Ghana an soke dokar ɗaure mutum kan ɓata suna a 2001, amma har yanzu ana iya kai ƙara a nemi diyya. Kowa ya faɗi amincewarsa a gaban kyamara kafin a fara, tare da sanin inda za a nuna fim ɗin. Wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne a dokar yara ta 1998, sai da izinin iyaye. A nemi takarda daga shugaban makaranta, a kuma gaida mai unguwa kafin a shiga layi da kyamara. Idan an zargi wani, a je masa da zargin, a ba shi mako guda ya amsa.

Malama_Aboabo: Na gode, Allah ya saka. Hajiya, idan ya ƙi amsawa fa?

Hajiya_Edita: A rubuta a fuskar fim ɗin ranar da aka neme shi da hanyar da aka bi, a ajiye kwafin wasiƙar a ofishin makaranta.